Kafin Ka Karɓi Bashin Wani, Karanta Sharaɗin Sasanci

A kasuwanninmu ana yawan yin haka: ɗan kwangila ya gama aiki, kamfani bai biya shi ba, sai ya mayar wa wani ɗan kasuwa haƙƙin karɓar kuɗin a madadin bashin da ake bin sa. Abin da wanda aka mayar wa haƙƙin ba ya dubawa shi ne ainihin takardar kwangilar, musamman sakin layin da ya ce idan rigima ta taso ba kotu za a je ba, sai gaban masu sasanci da hukuncinsu ke zama dole.

Da yawa suna cewa, "Ai ni ban sa hannu ba." Wannan hujja ba ta cika tsayawa a gaban alƙali ba. Ƙa'idar da kotuna suka fi bi ita ce haƙƙi yana tafiya da sharuɗɗansa. A 1997 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta yi hukunci kan jirgin ruwa mai suna Jay Bola. Kamfanin inshora ya biya diyyar kaya, ya karɓi haƙƙin mai kayan, ya kai ƙara Brazil. Kotun ta Ingila ta ce tun da kwangilar asali ta ce a yi sasanci a Landan, shi ma can zai bi. Lauyoyin Najeriya kan kafa hujja da irin waɗannan hukunce-hukunce.

A Najeriya, dokar sasanci ta 2023, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta ba kotu ikon dakatar da ƙarar da aka shigar alhali akwai yarjejeniyar sasanci. A Nijar kuwa dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka, ce ke aiki. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Don haka kafin ka amince, nemi kwafin kwangilar gaba ɗaya. Duba ko ta hana mayar da haƙƙi ba tare da yardar ɗayan ɓangaren ba. Duba garin da za a zauna, da wa'adin shigar da ƙorafi, da kuɗin masu sasanci, domin bashin naira miliyan biyar bai kai a bi shi Landan ba. Sanar da wanda ake bi bashin a rubuce, sannan ka kai wa lauya takardun kafin ka sa hannu.