L'Aquila: Yadda Italiya ta gina gidajen da ke zamewa idan ƙasa ta girgiza

A ranar 6 ga Afrilun 2009, girgizar ƙasa ta afka wa birnin L'Aquila na Italiya, inda ta kashe mutum fiye da 300, ta raba dubun-dubata da muhallansu. Gwamnatin Silvio Berlusconi ta ɓullo da shirin C.A.S.E., aka yi gine-gine 185 a wurare 19 domin tsugunar da mutum kusan 15,000.

Dabarar tana ƙarƙashin ginin. Kowanne yana zaune kan ƙaton daɓen kankare, daɓen kuma yana kan ginshiƙai masu farantan ƙarfe masu ɗan zurfi kamar tasa. Idan ƙasa ta motsa, daɓen kan zame a kansu, ginin ya yi lilo sannu a hankali maimakon ya sha dukkan ƙarfin girgizar, sannan nauyinsa ya mayar da shi mazauninsa.

Sai dai aikin bai tsira daga suka ba. Kotun Binciken Kuɗi ta Tarayyar Turai ta koka da tsadarsa, kuma a 2014 barandar wani gida ta rufto a Cese di Preturo. Sabbin unguwannin suna bayan gari, alhali gyaran tsohon birnin, inda harkokin jama'a suke, ya ci shekaru.