Ɗalibin Jami'a Tsakanin Lacca Da Larurar Kwamfuta

Ka sani, ya kai mai karatu, Allah ya ƙara maka fahimta, neman ilmi a kowane zamani yana da nasa guzuri, yana kuma da tasa wahala. Mutanen da sun yi fama da ƙarancin takarda da nisan tafiya zuwa wurin malami. Ɗaliban jami'a na yau kuwa ga malamai jibge a wuri guda, amma an ɗora musu wani kaya wanda kakanninsu ba su sani ba, watau na'urar nan da a ke kira kwamfuta. Ita ce alƙalaminsu, ita ce kuma gafakar da su ke ajiye littattafansu. In ta yi lafiya karatu ya tafi daidai, in ta kwanta sai aikin shekara ya nemi lalacewa. Iyaye da yawa suna biyan kuɗin makaranta ba su san wannan ba. Saboda haka ya kamata a bayyana yadda wunin ɗalibi ya ke, da ƙofofin da ɓarna ta ke shigo masa, da abin da zai tsare kansa da shi.

Fasali na farko: Yadda na'ura ta shiga makaranta

Misali mafi kusa shi ne Jami'ar Bayero ta Kano. Asalinta kwaleji ce da aka kafa a shekarar 1960 a cikin Makarantar Koyon Larabci ta Kano. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962 sai ta zama reshenta, aka sa mata sunan Sarki Abdullahi Bayero, kana a 1977 ta zama jami'a mai cin gashin kanta. A waɗannan shekaru ɗalibi ba ya bukatar kome sai littafi da alƙalami da fitila.

Yau kuwa tun daga bakin ƙofa na'ura ta ke tarye shi. Hukumar nan ta JAMB, wadda aka kafa a 1978 domin shirya jarrabawar shiga jami'a, ta ajiye takarda da fensir gaba ɗaya a 2015, ta mayar da jarrabawarta a kan kwamfuta. Yaron ƙauye wanda bai taɓa ɗora yatsa a kan madannai ba sai ya tarar rabonsa yana rataye da su. In ya shiga, rajistar darussa ta intanet ce, biyan kuɗi ta intanet ne, duba sakamako ma haka. Ashe ke nan na'urar ta tashi daga kayan ƙawa ta koma cikin wajibai.

Fasali na biyu: Wunin ɗalibi

A ɗauki ɗalibin shekarar ƙarshe wanda bai sami ɗaki a cikin makaranta ba, ya kama haya shi da abokansa uku a Danbare ko Rijiyar Zaki. Da asuba, bayan ya idar da salla, abin da zai fara dubawa shi ne ko an kawo wuta cikin dare, da kuma abin da ya rage a batirin kwamfutarsa. A kan wannan ya ke gina lissafin wuninsa duka. Ya sha koko da ƙosai a tsaitsaye, ya saɓa jaka, ya nemi mota ko adaidaita sahu, domin kuwa jami'ar wuri biyu ce, tsohuwa kusa da ganuwar birni, sabuwa a kan hanyar Gwarzo.

Laccar farko da ƙarfe takwas ne, amma shi tun bakwai ya ke son isa. Dalilin sammakon nan shi ne kujerar da ke jikin bango, inda soket ya ke. Soket guda sai ka ga an jona masa waya mai baki da yawa, an rataya caja goma, kowa yana gadin tasa da wutsiyar ido. Malami yana bayani, ɗalibi kunnensa yana wurin malami, zuciyarsa tana wurin bango.

Kafin azahar shugaban aji ya turo takardun darasi ta WhatsApp, malami ya ba da jinga ya ce a kawo ta a buge ranar Litinin. Jingar nan ba abin wasa ba ce. A jami'o'in Nijeriya maki 100 na kowane darasi an raba shi biyu: 30 ko 40 na jinga da gwajin tsakiyar zango, sauran na babbar jarrabawa. Wanda ya sami 70 zuwa sama shi ne ya ci daraja ta ɗaya mai maki 5, kuma ba a ba da digiri mai daraja ta farko sai matsakaicin makin ɗalibi ya kai 4.50. To, wanda na'urarsa ta mutu daren Lahadi, ya rasa maki 10 na jinga, ya sauka daga wata daraja zuwa ta ƙasa da ita, alhali ya san karatunsa sarai.

Da la'asar ya ci garau-garau, ya bi layi a shagon buga takardu. Bayan isha'i ya koma ɗakin lacca inda a ke samun wuta, ya zauna rubutu har dare ya raba. Ɗaliba mace kuwa, balle matar aure mai goyo, ba kullum ta ke da halin zama a makaranta har wannan lokaci ba. Ita sai ta yi aikinta da abin da batir ya ɗauko da rana, in ya ƙare ta rufe.

Fasali na uku: Cututtuka huɗu na na'ura

Ta farko ita ce rashin wuta. A watan Satumba na 2019 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya buɗe wa Jami'ar Bayero tashar wutar hasken rana mai ƙarfin megawat 7.1. Amma ɗalibin da ke haya a cikin unguwa rabonsa rabon unguwa ne. A ƙarshen watan Oktoba na 2024 manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka sami matsala, jihohi da dama suka shafe fiye da mako guda cikin duhu, masu shagon caji suka zama sarakunan gari. Har wa yau dawowar wuta ma tana da nata haɗari, domin wani lokaci ta kan zo da ƙarfi fiye da kima ta ƙone caja. Don haka mai hankali, da an ɗauke wuta, sai ya zare cajarsa daga bango, in an kawo ya dakata kaɗan kafin ya mayar.

Ta biyu ita ce zafi da ƙura. A watan Afrilu zafin Kano ya kan wuce digiri 40. Cikin na'ura akwai wata ƴar fanka mai fitar da zafi ta wasu ƙananan kafofi. Ƙurar hunturu ta kan toshe su sannu a hankali, ɗalibi kuma ya ɗora na'urar a kan katifa ya ƙarasa toshe su. In ƙwaƙwalwarta ta yi zafi sai ta rage gudu domin ta tsare kanta, in ya tsananta ta kashe kanta ba sallama. Batirin kuwa na sinadarin litiyam ne, zafi yana tsofar da shi da wuri, kuma ko ba zafi ƙarfinsa yana raguwa bayan an cika shi an juye sau ɗaruruwa. Maganin wannan mai sauƙi ne: a ɗora ta a kan tebur ko allon katako, a kai ta a hure mata ƙura bayan kowane hunturu.

Ta uku ita ce mutuwar faifan ajiya. Tsofaffin na'urori suna da faifai a ciki wanda ke juyawa sau 5,400 a minti guda, da wata ƴar allura mai shawagi a kansa tana karantawa. In jaka ta faɗi daga adaidaita sahu, ko aka buge na'urar tana cikin aiki, allurar ta kan karce faifan, rubutun wata shida ya tafi. Akwai sabon irin ma'ajiya da a ke kira SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa. Ya fi jure jijjiga, ya fi sauri, kuma sauya shi ya fi sayen sabuwar na'ura araha nesa ba kusa ba.

Ta huɗu ita ce ƙwayar cutar kwamfuta. Hanyarta mafi yawa ita ce ɗan filashin nan da ɗalibi ke kaiwa shagon buga takardu, inda na'ura guda ta ke karɓar filashin mutum ɗari a wuni. Akwai wata sananniya wadda ke ɓoye takardu ta bar inuwarsu kawai. Ɗalibi ya buɗe ya ga wayam, hankalinsa ya tashi, ya goge filashin duka. Nan ne ya yi asarar gaske, domin kuwa takardun suna nan, ɓoye su aka yi, wanda ya san aikin yana iya fito da su. Rashin sani ya fi dare duhu. Ga kuma wani ƙarin abin lura: ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya tsayar da tallafin da ya saba bai wa manhajar Windows 10, alhali tsofaffin na'urori da yawa ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba.

Fasali na huɗu: Lissafin kuɗi

Wani zai ce, me ya hana ɗalibi ya sayi sabuwa? Amsa tana cikin lissafi. Kafin watan Yuni na 2023 dalar Amurka guda tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a watan Fabrairu na 2024 ta wuce 1,500. Kwamfuta kuwa, da batirinta da cajarta, duk daga waje su ke zuwa, da dala a ke sayo su. Saboda haka yawancin ɗalibai ta hannu su ke saye, wadda wani ya gama mora a Turai ko Amurka, a titin Beirut ko kasuwar Farm Centre.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 nan take, ta wuce 1,000 a 2024, kuɗin mota da na caji a shagon mai janareta suka bi ta. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin wuta ga rukunin da aka yi wa alkawarin sa'a 20 a wuni, daga ƙasa da naira 70 zuwa 225 a kowane ma'auni. A Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta yarda a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Asusun ba ɗalibai rance da ya fara karɓar masu nema a watan Mayu na 2024 ya sa naira 20,000 a wata domin abin hidima. Taimako ne babu shakka, sai dai gyara guda na na'ura yana iya lashe shi.

Sa'an nan ga tsawon shekaru. Malaman jami'o'i sun yi yajin aiki na wata tara a 2020, suka sake yin na wata takwas a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Na'urar da uba ya sayar da buhunan hatsi ya saya domin karatun shekara huɗu sai ta yi biyar ko shida a hannu, ta gaji daidai lokacin da aka fi bukatarta, watau shekarar kundi.

Fasali na biyar: Kundi da yadda a ke tsare shi

Kundin digiri shi ne binciken da ɗalibi ke rubutawa a shekarar ƙarshe, galibi babi biyar, a ƙarƙashin malami mai dubawa. Ba a ba da digiri sai da shi. Wanda kundinsa ya ɓace ana saura mako biyu a miƙa, hanya biyu ce a gabansa. Ko ya nemi uzuri, wanda mai yiwuwa ya jawo masa ƙarin zango da ƙarin kuɗin rajista da na haya, ko ya faɗa wa masu sayar da kundin wasu. Ta biyun nan rami ce, domin akwai manhajoji irin su Turnitin masu gano rubutun da aka kwafo, kuma satar rubutu laifi ne da ke iya kai ɗalibi ga kora.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Littattafan malaman da da suka iso wannan zamani ba su tsira daga gara da gobara ba sai domin almajirai sun kwafe su, kwafi ya bazu gida gida. Hukuncin na'ura ma haka ya ke. Kowane rubutu mai daraja a yi masa kwafi uku: ɗaya a cikin kwamfuta, ɗaya a filashin da ba a kai shi shago, ɗaya a wurin da ba ya cikin ɗakin. Na ukun nan ba shi da tsada, domin kamfanin Google yana bai wa kowane mai adireshin Gmail wurin ajiya na gigabait 15 kyauta, kundi kuwa in rubutu ne zalla bai fi ƴan megabait ba. Ya isa ɗalibi ya aika wa kansa da shi ta imel kowane dare, ya sa kwanan wata a jikin sunan takardar domin kada sabo ya cakuɗe da tsoho. Yana cikin rubutu kuma ya riƙa danna Ctrl da S bayan kowane sakin layi. In malami ya amince da babi, a buga shi a takarda a ajiye, domin takarda ba ta neman caji.

Wanda zai kai na'ura wurin mai gyara ya fara kwashe takardunsa, ya kuma faɗa masa a fili kada ya goge kome sai da izini. Wanda zai saya ta hannu ya zauna a shagon, ya zare caja ya ga tsawon lokacin da batir zai riƙe, ya taɓa kowane harafi na madannai, ya tambayi irin ma'ajiyar da ke ciki. Iyaye kuma, in ɗa ya aiko yana neman kuɗin batir ko na faifai, su bincika, amma kada su ɗauka holewa ce. Kuɗin gyara yau ya fi kuɗin maimaita shekara sauƙi.

Allah ya ba masu neman ilmi sa'a, ya saka wa iyayen da ke ɗawainiya da su da alheri, amin. Tammat.