Shampen da Prosecco: Yadda Tanki Ya Sha Gaban Kwalba

Giyar inabi mai kumfa tana samun kumfarta ne daga tsimi na biyu. Bayan ruwan inabi ya tsimu ya zama giya, sai a ƙara masa sukari da yisti a rufe shi ruf, iskar da ke fita ta rasa hanyar tserewa ta narke a ciki. Wurin da ake yin wannan tsimi, cikin kwalba ko cikin tanki, shi ne ke yanke hukunci kan ɗanɗano, farashi da tsawon ajiya.

A yankin Shampen da ke arewa maso gabashin Faransa, kowace kwalba ita ce tukunyar kanta. Doka ba ta yarda a fitar da ita kasuwa ba sai ta yi aƙalla wata 15, wadda kuma aka yi da amfanin shekara guda tak sai ta cika shekara 3. Kwalabe suna kwance a ramukan alli masu sanyi ƙarƙashin garuruwan Reims da Epernay, mataccen yisti yana narkewa a hankali, yana ba giyar ƙamshin gasasshen burodi. Sanyin yankin yana bar wa inabin tsami mai kaifi, tsamin nan kuwa shi ne ke riƙe giyar shekara da shekaru. A 2010 an tsamo kwalaben shampen daga wani jirgin ruwa da ya nutse a tekun Baltik kusa da tsibiran Aland, sun kai kimanin shekara 170 a ƙasan ruwa, wasunsu ba su lalace ba.

Prosecco, daga Beneto da Friuli a arewa maso gabashin Italiya, ta bi wata hanya dabam. Ana tsima inabin Glera a manyan tankunan ƙarfe, dabarar da Federico Martinotti ya yi wa rajista a 1895, aikin kuma yana kammaluwa cikin makonni. Ƙamshinta na ɗanyen tuffa da furanni ne, kuma ba ya jiran kowa: bayan shekara ɗaya ko biyu ya fara gushewa.

Duk da haka ita ce ta ci kasuwa. A 2022 an cika kwalba sama da miliyan 600 na Prosecco, yayin da shampen ke kewayen miliyan 300 a shekara. Babban dalili shi ne kuɗi. Mai tanki ba ya ɗaure jarinsa a rami na shekaru, don haka yana iya sayarwa da araha, kuma matsin tattalin arzikin 2008 ya tura masu saye a Birtaniya da Amurka neman mai sauƙi. A 2009 Italiya ta mayar da sunan Prosecco na yanki, ta hana wasu a Tarayyar Turai amfani da shi. Akwai kuma sauyin ɗabi'a, domin yawancin masu saye ba su da niyyar ajiya.

Wadda ta fi jin jiki ita ce Cava ta Sifaniya. Ana tsima ta a kwalba na aƙalla wata 9, wahalarta irin ta shampen, amma farashinta ya faɗo sahun Prosecco. Wannan rashin daidaito ne ya sa wasu masana'antun Kataloniya suka fice daga tsarin Cava a 2019 ƙarƙashin sunan Corpinnat, da sharaɗin tsawaita ajiya. Shampen kuwa ta rage dogaro da yawa, ta koma kan tsada da suna.

A Beneto ma nasarar ta zo da nata nauyi. Gonakin inabi sun faɗaɗa ƙwarai, mazauna ƙauyuka na kuka da feshin maganin ƙwari kusa da gidajensu, zaizayar ƙasa kuma na damun tuddan Conegliano da Valdobbiadene, waɗanda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2019.