Ina Sauran Albashin Maigida Ya Maƙale?

Yau na ajiye labarin soyayya, zan taɓo abin da ke hana amarya da ango barci a ƙarshen wata. Sau da yawa maigida kan dawo fuska a murtuke ya ce albashi bai cika ba, ita kuwa uwargida sai zargi, wai ko wata yake kai wa a waje. Haba 'yar uwa! Kafin ki haɗa kayanki ki yi yaji, ki nemi ganin takardar albashinsa tukuna.

A jikin takardar akwai inda aka rubuta PAYE, wato harajin da ake cirewa tun kuɗin bai zo hannu ba, a miƙa wa hukumar tara haraji ta jihar da ma'aikaci yake zaune. A nan ne wani lokaci akan zaftare fiye da ƙa'ida. Sabuwar dokar harajin Nijeriya da aka sa wa hannu a 2025, ta fara aiki a Janairun 2026, ta yafe haraji a kan Naira 800,000 na farko a shekara. Abin da ya biyo baya, har zuwa miliyan 3, kashi 15 cikin ɗari ne. To, mai ɗaukar Naira 100,000 a wata bai kamata a cire masa fiye da Naira 5,000 ba. Kai, ko hakan bai kai ba, domin sai an ware kuɗin fansho kafin a lissafa. Mai zaman haya ma ana rage masa kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayarsa daga abin da za a yi wa haraji, muddin rangwamen bai wuce Naira 500,000 ba. Amma fa sai ya bayyana hayar da kansa, in ya yi shiru ya cuci kansa.

In lissafi bai yi daidai ba, maigida ya fara tuntuɓar akantan ofishinsu, in abin ya faskara ya rubuta wa hukumar haraji ta jiha ya nemi rararsa. Haƙƙinsa ne, ba roƙo ba.

Ku kuma ƙannena 'yan makaranta, ku riƙe darasin lissafi da kyau. Gobe ke ce malama ko nas, gumin goshinki ne za a taɓa. Allah Ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, amin.