Ɓera da Tsohuwar Fijo: Ɓarnar da Ba a Gani Sai an Buɗe Boneti

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Bichi ko Dambatta, ya ratsa ƙauyukan da gona ke manne da gona, da wuya bai taɓa hangen wata tsohuwar Fijo jingine a gindin ɗorawa ko a bayan rumbu ba. Galibi ƙirar 404 ce ko 504, irin waɗanda aka fara harhaɗawa a kamfanin Peugeot na Kaduna a shekarar 1975. Da yawansu sun yi ɗawainiyar kai hatsi kasuwar Dawanau, har ranar da wani ƙarfe ya gagara samuwa aka ajiye su. Bayan shekaru sai ɗa ko jika ya ƙudurta tayar da motar. Yakan zaci tsatsa ce babbar matsalarsa, amma da bakanike ya ɗaga boneti sai a tarar wasu baƙi sun daɗe da tarewa.

Me ya kai ɓera cin waya, alhali roba ba abinci ba ce? Amsar tana bakinsa. Haƙoransa huɗu na gaba ba sa daina tsiro har ya mutu, suna ƙaruwa da kimanin milimita 2 zuwa 3 a kowane mako. Fuskar haƙorin ta waje tana da tauri ƙwarai, akwai ma sinadarin ƙarfe a cikinta, wanda shi ke ba ta launin ruwan goro, ta ciki kuwa ta fi laushi. Saboda haka gogayya takan cinye cikin ta bar wajen, haƙorin ya riƙa wasa kansa kamar kurfin masassaƙi. Da wannan makami yake gwada duk abin da ya tarar, ya gutsuri wayoyin lantarki, ya huda tiyon lagireto da na fetur, ya yagi soson kujera ya kai cikin matatar iska ya yi sheƙa.

Sai dai Hausawa sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Motar da aka ajiye taku goma daga rumbu, aka jingina mata karan dawa, wani lokaci ma aka mai da bayanta ma'ajiyar buhunan gyaɗa, ai gayyata ce. Da kaka ta wuce, gonaki suka zama fili, sanyin hunturu ya shigo, ɓerayen saura sukan dawo cikin gidaje. A cikinsu har da wanda masana ke kira Mastomys natalensis, wanda macensa ke iya samun nonuwa har 24, cikinta kuma kwana 23 ne kacal, ta haifi goma ko fiye. Ɗalibi ya ɗauki alƙalami ya lissafa abin da mace guda za ta tara cikin rani ɗaya. Ƙaramin kusu kuwa, kafar da fensir zai shiga ta ishe shi ƙofa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawar ɗaura sabon batir don a ji ko injin zai tashi. Wayar da aka feɗe wa riga, idan ta taɓa jikin mota, wuta za ta bi gajeriyar hanya ta yi tartsatsi, ga kuma busasshiyar sheƙa da fetur mai yoyo suna jira. A ganina, motar da ta shekara goma a ajiye gara a sake mata wayoyi ɗungurungum da a tsaya liƙe-liƙe, domin ɓarnar da ke bayan allon sitiyari ido ba ya kai mata. Fitsarin ɓera ma yana riƙe danshi da gishiri, ya ci daɓen motar daga ƙarƙashin shimfiɗa.

Akwai abin da ya fi asarar kuɗi. Wannan Mastomys shi ne ke ɗauke da ƙwayar cutar zazzaɓin Lassa, wadda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu. Ɓeran ba ya ciwo, amma yana zubar da ƙwayar a fitsari da kashi, mutum kuma yakan ɗauka ta abinci, ko rauni a fata, ko shaƙar ƙura. Yaron gareji da aka miƙa wa tsintsiya aka ce ya share kujerun, shi ke cikin haɗari mafi girma. Abin da ya dace shi ne a buɗe ƙofofi iska ta ratsa na rabin awa, a sa safar hannu ta roba, a rufe hanci da baki, a jiƙa sheƙar da kashin sharkaf da ruwan bilic, kashi ɗaya cikin kashi tara na ruwa, sannan a kwashe a binne. Wanda zazzaɓi ya kama cikin makonni uku bayan aikin, ya je asibiti ya faɗi aikin da ya yi.

Game da guba kuwa, tarko ya fi ta a wannan hali. Ɓeran da ya ci guba yakan shige cikin rufin mota ko bututun iska ya mutu inda hannu ba ya kai, sannan kaji da mage, har da mujiyar da ke rage mana ɓeraye da dare, suna iya cin mushen su bi shi.