Jitar Bature, Harshen Abzinawa

Wanda duk ya ratsa unguwannin Abuja da dare, kamar Garki ko Wuse, ba wuya ya tarar da Abzinawa masu gadi zaune a bakin ƙofa, butar shayi bisa gawayi, kiɗan jita mai ƙara yana tashi daga wayar hannu. Mai wucewa zai zaci kiɗan Turawa ne da ake kira rok. Lalle akwai jinin rok a cikinsa, amma in ya kasa kunne zai ji da harshen Tamashek ake rera waƙar.

Asalin wannan kiɗa wahala ce. Farin da aka yi a 1973 ya hallaka dabbobin Abzinawa, samari suka watsu zuwa Aljeriya da Libiya neman abin kai wa baki. A can suka ci karo da jitar lantarki da kaset-kaset na makaɗa irin su Jimi Hendrix na Amurka. Maimakon su kwaikwayi waƙoƙin Turawa, sai suka ɗora nasu a kai, na begen gida da na kukan zalunci. Ƙungiyar Tinariwen ta 'yan Mali ce ta share fage, har ta ci lambar Grammy a 2012.

To, abin da jama'a da yawa ba su sani ba shi ne, akwai hannun ƙasar Hausa a cikin wannan tafiya. Mahamadu Sulaiman, wanda aka fi sani da Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa ne a Jamhuriyar Nijar. Da yake gidansu ba a yarda da kiɗa ba, da kansa ya harhaɗa jitarsa ta farko, da katako da wayar birkin keke. A 2008 ya zo Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko mai suna Anar, aka sarrafa muryarsa da na'ura kamar yadda ake yi wa waƙoƙin finafinan Hausa.

Ba a kai faifan kasuwa ba a lokacin, amma waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya har cikin Mali. A can ne wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji ɗaya daga ciki, ya sa ta cikin wani faifai da ya fitar a 2011. Daga nan ƙofa ta buɗe, Turai da Amurka suka san shi.

Ɗaukaka ba ta sa ya sake harshe ba. A faifan Afrique Victime na 2021 ya koka kan yadda ake tatsar arzikin Afirka, a Funeral for Justice na 2024 kuwa ya gargaɗi 'yan'uwansa da kada su bari Tamashek ya salwanta a bakin 'ya'yansu.

A nan akwai abin lura ga matasanmu da ke tashi a Abuja, inda Turanci ke neman ture Hausa har a cikin gidaje. Abzinawa sun ari jita, amma harshe da saƙo nasu ne, shi ya sa duniya ta saurare su. Mawaƙin da ya ari kayan kiɗa bai yi asara ba, sai fa in ya haɗa da aron baki. Hausawa dai sun ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.