Mas'alar Iska da Matsinta a Kwatancen Gobara

Ran 21 ga Nuwamba 1980 gobara ta tashi a otal ɗin MGM Grand da ke Las Vegas ta ƙasar Amurka, ta halaka mutum 85, alhali kuwa harshen wutar bai wuce sassan ƙasa na ginin ba. Galibin waɗanda ajali ya riska suna can a benayen sama, inda hayaƙi ya tarar da su bayan ya bi ta matakalai da ramukan lif da hanyoyin da aka gina domin kai wa baƙi iska mai sanyi. Irin wannan waƙi'a ita ce hujjar masana da ke cewa wanda zai yi ƙiyasin gobara a babban gini, wajibi ne ya san inda iska za ta nufa kafin ya tambayi inda wuta za ta ci.

A yau ana yin wannan ƙiyasi a kwamfuta, kuma mafi shahara cikin manhajojinsa ita ce FDS, wadda hukumar ma'aunai ta Amurka, wato NIST, ta fitar a shekarar 2000, kyauta ga duk mai buƙata. Manhajar takan yanyanka ɗaki zuwa dubban ƙananan akwatuna ta lissafa zafi da hayaƙi da gudun iska a kowane ɗaya, amma bututun iska, da yake siriri ne mai tsawo da lanƙwasa, ba a cika yi masa wannan hidima ba, sai a wakilta shi da layi mai mahaɗa biyu, a faɗi faɗinsa da tsawonsa da irin tirjiyar da yake yi wa iska. A nan ne ɗalibi yakan fara tuntuɓe, domin ƙa'idar manhajar ita ce iska tana tafiya daga mahaɗar da aka fara ambata zuwa ta biyu, ta yadda wanda ya juya sunayen nan biyu ya mayar da fankar da ke hura wa ɗaki iska ta koma mai zuƙe ta, ba tare da kwamfutar ta ce masa uffan ba. Haka kuma a bakin tagar iska da ke jikin bango, adadi mai alamar ragi shi ne mai shigo da iska, marar alama kuwa fitar da ita yake yi, abin da hankali bai cika zato ba da farko.

Wannan kuskuren alƙalami ne, gyaransa ba wuya. Babbar mas'ala tana ga matsi. Manhajar takan raba gini zuwa yankuna, kowane ɗaki rufaffe da nasa matsin, kuma bangon da ke cikin kwamfuta, saɓanin na duniya, ba shi da tsaga ko kafa sai wadda mai lissafi ya sa masa da hannunsa. To, a ƙaddara ɗaki mai girman mita kubik 100, a umarci fanka ta riƙa zuba masa kashi ɗaya cikin goma na mita kubik a kowace daƙiƙa, ba a ba iskar mafita ba: matsin zai riƙa hauhawa da faskal 100 ko fiye a kowace daƙiƙa, har cikin minti guda ya kai abin da tagogin gidajen mutane ba za su jure ba. Saboda haka ne ake shar'anta wa mai wannan aiki ya bayyana faɗin kafofin da ke ƙarƙashin ƙofa da gefen taga, ya kuma siffanta fankar bisa haƙiƙarta, domin fanka kamar zugazugin maƙeri take, idan aka toshe bakinsa, kome ƙarfin mai zuga iska ba ta fita. Gwargwadon yadda matsi ya tsananta a gabanta, gwargwadon haka abin da take turawa ke raguwa, har ta kai haddin da ba ta tura kome.

A ganina, wanda ya ɗaure wa bututu adadin iska tabbatacce, ya ce lallai haka za ta gudana ko da me ya faru, ya yanke hukunci ne tun kafin a saurari shaidu, kuma abin da kwamfuta za ta mayar masa ra'ayinsa ne kawai da ta yi wa ado da launuka. Dalilina shi ne gwaje-gwajen PRISME da aka soma a 2006 a Cadarache ta ƙasar Faransa, domin amincin tashoshin nukiliya, inda aka kunna wuta a ɗakunan kankare rufaffu da bututu ya haɗa su, aka ga cewa yayin da wuta ta kama, iskar ɗakin takan kumbura da zafi har matsinta ya rinjayi fanka, hayaƙi ya juya ya bi bututun da aka yi domin shigo da iska mai tsabta; sa'an nan idan wutar ta mutu ɗakin ya huce, matsin ya faɗi, bututun fitarwa ya koma yana shigo da iska. Lissafin da aka hana wa juyawa ba zai taɓa nuna wannan ba, ga shi kuwa ta nan ne hayaƙi ke isa ɗakin da babu wuta.

Akwai kuma inda ake neman bambancin matsi da gangan, kamar matakalar tsira a dogayen gine-gine, wadda ake hura wa iska don hayaƙi ya kasa kutsawa. A ƙa'idar Turai ta 2005 an nemi wajen faskal 50, adadin da ake gani kaɗan ne in an tuna cewa matsin sararin da muke shaƙa ya kai kimanin faskal 100,000. Amma faskal 50 a kan ƙofa mai faɗin murabba'in mita 2 daidai yake da nauyin kilo 10 yana danne ta, shi ya sa ƙa'idar ta iyakance ƙarfin da ake buƙata wajen buɗe ƙofa ga niyuton 100, don kada tsoho ko yaro ya iso bakin matakala ya tarar iskar da aka tanada domin cetonsa ta riƙe masa ƙofa.